Safa Mai Furanni a Cikin Takalmina

Aikin farko da na daɗe a kansa a Jidda shi ne na tallaja, babban ɗakin sanyin da ake ajiye naman da jiragen ruwa ke kawowa. Ranar da na fara, kafili, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, ya miƙo mini takalmin roba mai dogon wuya da safar ulu mai kauri wadda ke kaiwa gwiwa. Ya ce, "Kada ka shiga ciki babu su. Yalla."

Safar tana tare sanyi, ba ƙarya. Amma aikinmu shiga da fita ne. Ka ɗauko kwali cikin ƙanƙara, ka fito rana ta dake ka. Gumi ya jiƙa ulun, ulun ya yi ta gurzar fata. Ba a jima ba ƙwaurina ya yi jawur, diddigena duk bororo. Na yi shiru da bakina, don samun aiki a lokacin ba wasa ba ne.

Matata ce ta gano. Wata Juma'a ina alwala a ƙofar ɗakinmu a unguwar Karantina, ta tsaya a kaina da bokiti a hannu.

"Alhaji, ɗaga ƙafar nan in gani."

"Ba komai ba ne."

"To, ɗaga ba komai ɗin in gani."

Ta duba, ta shafa mini man kaɗanya. Kashegari ta je kasuwar Hindawiyya ta dawo da safa marar kauri, ta auduga, mai laushi. Sai dai duk jikinta ƙananan furanni ne.

Na ce, "Hajiya, wannan ai ta mata ce."

Ta ce, "Na maza duk masu kauri ne. Ita za ka fara sawa, ka ɗora ta ulun a kai. Wa zai leƙa cikin takalminka?"

Na sa ina gunaguni. Ranar na wuni ban tuna da ƙafata ba. Amma idan Azahar ta yi, bayan kwalaye nake laɓewa in cire ta kafin in je alwala.

A can wani dattijo da muke aiki tare, Bahaushen Sudan, ya ritsa ni. Ya yi dariya har da dafa bango. "Ya salam! Ashe amarya muka samu a tallaja!"

Ba a yi mako ba ya ja ni gefe ya naɗe wandonsa. Ƙwaurinsa ya fi nawa muni. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, a ina ake samun irin taka?"

Da na ba matata labari na ɗauka dariya za ta yi. Sai ta ce, "Shi wa ke duba masa ƙafa?"

Na ce iyalinsa suna Sudan.

Ta koma kasuwa ta zaɓo masa mai duhun launi, wadda furanninta ba sa fita sosai, ta haɗa da man kaɗanya a ɗan gwangwani. Da na miƙa masa ya daɗe yana juya ƙunshin a hannu, sannan ya ce, "Ka ce wa 'yata na gode."

Bai taɓa ganinta ba a lokacin. Da Sallah ta zo ta ce in gayyato shi. Ya zo da farar jallabiyya da ledar dabino, ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Daga nan kowace Sallah a ɗakinmu yake yin ta, har shekarar da ya koma gida.