Gishirin da Ya Yi Ƙasa

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a kasuwar katako ta Dei-Dei ya san Ikilima. Shekara ashirin da biyu tana tuƙa wa direbobin tirela tuwon shinkafa, ba a taɓa kama ta da cokalin awo ba. Da yatsu uku take ɗiban gishiri, ta watsa tana hira, miya ta fito daidai. Ba ta da abin alfahari da ya wuce wannan, sai ko mijinta Ɗangoggo mai sayar da ƙusa, wanda ya ce miyar kuka ya aura, ita kyauta aka ba shi. "Iki" yake kiranta, shi kaɗai.

Wata Talata yana alwalar azahar, buta ta suɓuce masa. Kafin a kai asibiti baki ya karkace, magana ta ɗauke. Shanyewar ɓarin jiki, aka ce.

Ranar sallama Dokta Felicity ta duba takardar gwajin jini. Hausarta irin ta Abuja ce, tana ɗingishi amma tana isa inda za ta.

"Mama, oga tana da wani abu da ya yi low. Magneziyam. In ya yi ƙasa, ciwon yana iya dawowa, warkewa kuma yana yin slow."

"Maganin me?"

Likita ta lalubi kalma. "Kamar gishiri ne na cikin jini. Gishirin ya yi ƙasa."

Ta lissafa gyaɗa, wake, riɗi, alayyahu, da sauran dokoki. Ikilima ba ta ji ko ɗaya ba. Gishiri ya yi ƙasa, a jikin mijinta, ita da kasuwa guda ke yabon hannunta! Kunya ta rufe ta.

A gida, a Tungan Maje, yatsu uku suka koma biyar. Har a kunu take barbaɗawa. Abu ɗaya take so a duniya, ta sake jin sunanta a bakinsa. Kuma ga alama ana dacewa, don duk lokacin da ta kai masa cokali sai ya yamutsa fuska, ya ce, "Ishi... ishi..."

"Na'am, Malam, ga ni. Daure, magani ne."

A sati na bakwai ciwon ya dawo da hantsi, yana zaune kan tabarma. A asibiti aka tarar jininsa ya hau sosai. Likita ta tambaya me yake ci, Ikilima ta faɗa mata dalla-dalla, har da na kunun.

"Ai ke kika ce ya yi ƙasa."

Dokta Felicity ta ce ba gishirin miya take nufi ba, shi wannan hawan jini yake ƙarawa. Ta yi bayani a hankali, ta ƙara da cewa ba lallai shi kaɗai ya jawo ba. Ikilima ta ce to. Ta nemi kuka a jikinta, babu.

Ɗangoggo yana nan da rai, sai dai ko "ishi" ɗin babu yanzu. Ita kuwa ta koma rumfa, don ciki ba ya jira. Rannan wani direba mai giɓi ya ɗanɗani miya, ya ɗaga murya, "Mama, ƙaro gishi..." Tari ya sarƙe shi bai ƙarasa ba.

Ikilima ta tsaya da ludayi a hannu. Sati bakwai tana amsa wannan kalmar da na'am.

Ta miƙa masa kwanon ya zuba da kansa. Tun ranar haka ake yi a rumfarta.