Kunnuwan da Mai Sanyi Ya Bari a Saman Bene

Ƙarfe bakwai na safe Mai Sanyi yake turo babur ɗinsa ƙofar gida, kuma shekara talatin da huɗu bai sauya wannan lokacin ba. Sai ya ɗaure tukunyar gas a baya da igiyar roba, ya rataya jakar kayan aiki a gaba, ya soke doguwar sukundireba mai jar ƙota a aljihun riga. Matarsa takan biyo shi da gorar ruwa tana mita, wai mai sanyaya ɗakunan mutane shi ya fi kowa shan rana a garin nan. Da gaskiyarta. Wanda ya miƙe ƙafa a ƙarƙashin iyakwandishan ba ya tunawa cewa rabin injin yana waje, a jikin bango ko a saman bene, yana fesar da zafin da ya kwaso daga ɗaki. A can Mai Sanyi ya ƙarar da ƙuruciyarsa, fuska cikin hucin inji, ƙeya cikin rana.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, ko jikokinsa da Mai Sanyi suka san shi. Abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara kuwa shi ne kunne. In aka kira shi, ba ya saurin kwance inji. Sai ya ce kowa ya yi shiru, ya ɗora tsinin sukundireba a jikin kwamfuresa, wato zuciyar injin, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Kafin a ƙirga ashirin ya ɗago.

"Gas ɗinku ƙalau yake, kar wanda ya ce ku ƙara," in ji shi. "Datti ne ya toshe masa hanci. Yaushe rabonku da wanke ragar nan mai tace ƙura?"

Yawanci sai masu gida su hau sosa ƙeya.

Mai kantin magani na bakin titi yana ba da labarin ranar da masu gyara biyu suka yanke wa injinsa hukuncin mutuwa, magunguna kuma suna shirin lalacewa. Mai Sanyi ya saurara, ya zaro wata 'yar kafasita mai tayar da inji da ta kumbura, ya sa sabuwa, inji ya tashi. Ungozomar da ke ƙaramin asibitin haihuwa ita ma tana da nata. A wani sanyi mai tsanani ya zo duba hitar ɗakin bakwaini, yana shiga ya tsaya cak, ya ce yana jin wata 'yar ƙara a cikin bango. Aka fasa bangon, aka tarar waya ta fara narkewa, taku biyu daga gadajen jarirai huɗu. Akwai kuma wani shugaban ofis da ya kewaye injinsa na waje da tukwanen fure don kada ya ɓata masa kyan gini, sannan ya dawo yana faɗa wai ba sanyi. Mai Sanyi ya dube shi sama da ƙasa.

"Ranka ya daɗe, injin nan ba ƙera sanyi yake ba, zafi yake kwasa ya kai waje. Ka toshe masa ƙofa da fure, ina kake so ya kai? Aljihunka?"

A ranar aka kwashe furannin.

Sai dai abin da ya ciyar da shi, shi aikin ya ci. Manyan injinan saman otal-otal da na ɗakunan ajiyar kifi ba su san rarrashi ba, ruri suke yi tun safe har yamma, shi kuwa kansa yana manne da su, babu ko auduga a kunne. Matarsa ce ta fara lura. Rediyo ya koma sai an ƙure shi. Ta kira shi daga kicin sau uku, shiru, har ta fara fushi tana zaton kunnen uwar shegu yake yi mata.

"Baban yara, ka je asibiti a duba kunnen nan," ta ce da shi wata rana.

"Kunnena ras yake. Ke ce kika koma magana ciki-ciki tun da haƙorinki ya fita."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, amma ya sani. Siririyar ƙara ce ta fara guje masa, kukan tsuntsu, ƙararrawar waya, sannan sauran suka bi a hankali. Tsoro ya kama shi, irin tsoron da namiji ba ya faɗa wa ko matarsa. In aka ce Mai Sanyi ba ya ji, me ya rage na Mai Sanyi? Sai ya koma dogaro da tafin hannu da ido da mitar awo, kuma sau da yawa sun fisshe shi. Amma bai daina ɗora sukundireba a kunne yana rufe ido ba, domin abin da mutane ke jira su gani ke nan.

Cikin gidajen da yake zuwa akwai na wani tsohon tela, abokinsa na shekara ashirin. Ciwon zuciya ya kwantar da telan shekara uku, autarsa ce ke jinyarsa, likita kuma ya ja musu kunne cewa zafi maƙiyinsa ne. Ga shi ɗakin yana fuskantar yamma, rana na dukan bangonsa tun azahar. Saboda haka duk bayan mako biyu Mai Sanyi yakan biya, ya wanke raga, ya zagaya ya saurari injin waje, wanda ke ƙarƙashin taga daidai kan gadon tsohon. Yaya Mai Sanyi yake kiran telan, shi kuma ya ce masa Ƙane, kuma ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Ƙane, wandon nan wane maƙiyinka ne ya ɗinka maka?"

"Tun da ka kwanta, Yaya, duk garin haka muke yawo."

A farkon zafin bara ya je kamar kullum. Ya ɗora sukundireba, ya rufe ido, bai ji komai ba sai shuuu ɗin da ke cikin kansa. Ya taɓa inji, hannu bai gaya masa wani abu ba. Ya leƙo ta taga.

"Lafiya lau, Yaya. Zai kai mu damina."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Madalla."

Kwana tara bayan haka, da tsakar rana, fankar injin waje ta cije, kwamfuresa ya yi zafi ya ƙone. Injin tsohon yayi ne, kayansa babu a gari, sai an aiko daga nesa. Mai Sanyi ya ɗauko fankar ɗakinsa ya kawo, ya jiƙa zannuwa ya rataya a taga, ya wuni yana sake jiƙa su. Duk da haka numfashin tsohon ya riƙa yin sama-sama, a rana ta uku aka ɗauke shi zuwa asibiti.

Da Mai Sanyi ya kwance motar fankar, wato abin da ke juya ta, a kan bencinsa, sai ya zaro boris ɗin da take juyawa a kai. Ya bushe ƙayau, ya yi baƙi, ya cinye. Duk mai wannan sana'a ya san boris ba ya mutuwa a ɓoye, sai ya yi makonni yana tsuwwa, siririyar ƙarar da ko mai wucewa zai ji. Ranar da ya ce lafiya lau, injin kuka yake yi a gabansa.

Ba wanda ya zarge shi. Autar da kanta ta ce inji ne ya tsufa, har godiya ta yi masa a kan fanka da zannuwa. Da ya ja bakinsa ya yi shiru, da maganar ta wuce ke nan. Amma ya naɗe boris ɗin a tsumma, ya sa a aljihu, ya tafi asibiti lokacin ziyara. Ya tarar da tsohon an sa masa robar iska a hanci, ya rame, autar tana zaune a gefe. Ya buɗe tsumman ya ajiye a tafin abokinsa.

"Yaya, gaskiya na zo faɗa maka. Ranar nan ban ji komai ba. Kunnena ya tafi, shekara biyu ke nan ina ɓoyewa. Na ce maka lafiya lau alhali ban sani ba. Ni na kawo ka gadon nan."

Tsohon ya motsa leɓe ya yi magana mai ɗan tsawo. Mai Sanyi ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa bakin, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ɗago ya dubi autar. Dole ita ta matso ta ɗaga murya, tana faɗa tana share hawaye, har na gadon kusa suna juyowa.

"Kawu, ya ce ya sani. Ya ce mako uku yana jin ƙarar a bayan kansa. Ni ma na ji, na ce zan kira ka, ya hana ni. Ya ce ranar da ka rufe ido injin yana ta tsuwwa, a nan ya gane. Ya ce ya kasa buɗe baki ya kunyata ka a gaban aikinka, yana ta jira ko za ka gano da kanka."

Tsohon ya sake motsa baki, da ɗan murmushi.

"Ya ce wai tsofaffi biyu sun taru sun kashe inji da kara da kunyar juna. Ya ce ka yafe masa, shi ya yafe maka."

Mai Sanyi ya zauna a ƙasa, a nan gefen gado, ya yi kuka irin wanda matarsa ta ce ko a rasuwar mahaifiyarsa ba ta ga ya yi ba.

An sallamo telan, ya koma ɗakinsa da sabon inji, bayan mako bakwai ya rasu. Likita ya ce zuciyar dama ta zo ƙarshe. Wataƙila haka ne. Mai Sanyi bai taɓa musa wa likita ba, amma bai taɓa samun nutsuwa da maganar ba, kuma babu mai iya ba shi tabbacin da yake nema.

Abin da ya yi bayan haka shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ya je wurin wani mai gyara da suka shekara goma suna ƙwacen kwastoma, ko gaisuwar kirki ba sa yi, ya roƙe shi aron kunne. Suka hau babur ɗaya, gida gida, kanti kanti, wuri arba'in da ɗaya. Ko'ina suka shiga, Mai Sanyi ne ke fara magana, kuma maganar ɗaya ce.

"Kunnena ya mutu. Duk abin da na duba muku cikin shekara biyun nan, a sake dubawa. Ga wanda zai riƙa zuwa daga yau."

Wasu suka ce haba, ai ba sai ya tona wa kansa asiri haka ba. Ya ce rufin asirin ne ya kai shi inda yake. A wurare biyu an sami matsalar da ta wuce shi, ɗaya a ɗakin wata mai jego. Da suka gama zagayen, ya zare sukundireba mai jar ƙota ya miƙa wa tsohon abokin hamayyarsa, ya tura babur gida.

Yanzu ma ƙarfe bakwai yakan fito ƙofar gida, sai dai babur yana lulluɓe da buhu. Matarsa takan kawo gorar ruwan, don hannunta ya saba, ta ajiye kusa da shi. An sa masa na'urar ji, amma likita ya ce jijiyar ta riga ta tafi, abin da ya rage kaɗan ne. Ta ce wani lokaci takan same shi a kicin ya ɗora tafinsa a jikin firji, ido a rufe.

Kai ne ka hau benayen da masu su ba su taɓa hawa ba, Mai Sanyi. Kai ne ka sha zafi muka sha sanyi, muna ciki muna ƙorafin ka daɗe. Jariran nan huɗu sun girma, suna wuce ka a hanya ba su san ka ba. Ka yi kuskure sau ɗaya, babba, ba zan ɓoye ba tunda kai ma ba ka ɓoye ba. Amma na ga masu gyara da yawa, ban taɓa ganin wanda ya bi ƙofa arba'in da ɗaya yana rushe sunansa da bakinsa don kada wani ya cutu ba.

Ku masu wannan sana'a, ku toshe kunnuwanku kafin ku hau wurin manyan injina, kuma ranar da wani abu ya fi ƙarfinku ku faɗa tun da wuri. Mu kuma masu gida, mu wanke raga, mu bar wa injin waje sarari ya yi numfashi, in mun ji baƙuwar ƙara mu yi magana, ko da wanda za mu gaya wa ya girme mu, ko da muna jin nauyinsa.

Watan jiya mun taru a kantin mai magani don mu yi maka godiya. Ungozoma ta yi magana, shugaban ofis mai furanni ya yi, autar tela ma ta yi. Kana zaune a tsakiya cikin sabuwar riga, kana murmushi kana gyaɗa kai. Da aka watse, na ga ka ja hannun matarka kana tambayarta me suka ce.

Ga abin da suka ce, Baba, na rubuta maka da manyan baƙaƙe. Ka karanta a hankali, ba mai gaggauta ka. Mun gode.