Hamidu Sarkin Tantabarun Darini

Hamidu mijin yayata Tasalla ne, saboda haka in kun ji na matsa masa, ku sani shekara ashirin na yi ina kallonsa. A Darini aka haife shi, zamanin da Dallazawa ke riƙe da Katsina ana kai gaisuwa Sakkwato, mu kuma nan yamma muna noma kunnenmu ɗaya na daji saboda mahara daga Maraɗi. Gajere ne mai ƙaton rawani, kuma ban taɓa ganin kafaɗar rigarsa ba kashin tsuntsu ba. A gonarsa ciyawa ta fi dawa yawa. Amma ka ce "tantabara", ko zazzaɓi yake yi sai ya tashi zaune.

Abin gado ne. Kakansa Jafaru ya fara jera tukwane a jikin katanga yana kiwonsu. A gidansu suna cewa wai wata shekara Jafaru ya hango mahara a Tsaskiya, ya saki tantabara da jan zare a ƙafa, ta iso Darini aka rufe ƙofar gari. Tsofaffi kuwa sun ce Jafarun ya riga tsuntsuwar isowa, don tsabar gudu. Ko ma wanne ne, tun daga nan ake tsere duk kaka bayan an shigar da hatsi. Amintattu biyu ke ɗaukar tsuntsayen kowa a kwanduna su kwana Tsaskiya, da hantsi su sake su gaba ɗaya. Isowar tsuntsu ba ita ce nasara ba. Sai ka kama naka da hannu ka kai shi gindin tsamiyar ƙofar mai gari, wanda ya fara kaiwa shi ne Sarkin Tantabaru har wata kakar. Sarauta ce da ba ta da gona ba ta da ko akuya, amma Jafaru ya riƙe ta, ɗansa Lado ya riƙe, Hamidu ya riƙe shekara goma sha ɗaya, kuma da ya rasa ta gara ya rasa ido.

Kowa ya san gidan na da sirri. Tsuntsun wasu in ya iso sai ya zauna kan danga yana gyaran gashi, mai shi na ƙasa yana watsa tsaba yana lallashi. Nasu kuwa kai tsaye yake faɗawa tukunya. Mutane suka ce asiri ne, Hamidu ya rataya wani tsohon ƙaho a ƙofar ɗakin tsuntsayen don su ƙara cewa. Lado ma sai da ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri sannan ya sa aka fitar da mata, ya raɗa wa Hamidu a kunne. Ga abin da ya raɗa: kwana uku kafin tsere a raba namijin da matarsa, a ɓoye ta inda ba zai gan ta ba, ranar tsere a mayar da ita tukunyarsu. Iyakar sirrin ke nan.

Tasalla ke share kashin tsuntsayen nan, ita ke jiƙa musu kanwa, ita ke korar muzuru. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa sirrin, ya ce, "Magana ta maza ce. Ke dai ji da murhunki." Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

A shekarar da nake ba ku labari, gwaninsa wani namiji ne da yake kira Toka, matarsa kuma Fara. A rumbu ya saba ɓoye macen, amma gindin rumbun ya tsage gafiya na shiga, shi kuwa gyaran rumbu ba aikin sarki ba ne. Sai ya kife Fara da kwando a bayan madafa, ya aza dutse, bai ce wa kowa uffan ba. A Darini kuwa tsuntsun da maigida ya ware ya kife a bakin madafa, ko kurma ya san inda za shi.

Jajibirin tsere Hamidu ya raka masu kwanduna har rabin hanya, yana musu faɗa kada su girgiza Toka. Tasalla ta ga tsuntsuwa ta kwana biyu a kife, ta ce bari ta huce masa gajiya. Ba namiji a gidan da zai yanka, sai ta leƙa danga ta kira maƙwabcinsu Sammani, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuwa na biyu.

Sammani ya karɓi tsuntsuwar ya juya ta. Ya gane ta sarai.

"Uwar Lami, shi Hamidun ya ce a yanka wagga?"

"Shi ya kihe ta da hannunshi bakin madahwa."

"To, maigida ya hi kowa sanin abinshi," in ji Sammani. Ya fuskanci gabas ya yi bisimilla.

Ina gidan da yamma aka kawo romon, ya ji daddawa da yaji. Hamidu ya miƙo mini fiffike ɗaya, ya cinye saura, ya tsotse ƙashi. Ya ɗauka cikin 'yan shila ta kamo. "Yau dai kin yi abin kai," ya ce mata. "In da saura ƙaro."

Washegari da hantsi ya lallaɓa bayan madafa kamar ɓarawo, ya ɗaga kwando, ya sake ɗagawa.

"Tasalla, ina tsuntsuwar da ke nan?"

"Wadda ka sha romonta jiya, Baban Lami? Har ka ce a ƙaro."

Bai rufe baki ba sai ga Toka. Gaskiya ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, ko ɗigon tsuntsu babu a bayansa. Ya sauka kan ɗakin ya yi kira, ba a amsa ba. Ya sake kira, sannan ya tashi ya haye ƙololuwar kukar bayan gida. Hamidu ya watsa gero, ya yi fito, ya ɗago wata farar mace yana nuna masa, Toka ko kallo. Daga nan Sarkin Tantabaru ya tattare riga ya kama kuka. Reshen farko ya ƙwace masa rawani, bai kai na biyu ba ya sulmiyo.

Gab da azahar tsuntsun Sammani ya iso a galabaice, ya sauka yana cin tsaba. Sammani ya ɗauke shi, ya nufi tsamiya a hankali, yana tsayawa yana gaida kowa har da tambayar iyali.

Da Hamidu ya yi shiru da sarauta kawai ya rasa. Sai ga shi ba rawani, ƙirji duk ƙujewa, ya zube gaban mai gari, duk masu tantabarun Darini na zaune.

"Ranka shi daɗe, zalunci ne. Toka ya riga kowa, gari duk an gani. Sammani ya yanke mini macen da na ɓoye. Kwana ukku mukan raba su, shi taho da ɗoki shi hwaɗa tukunya mu kama. Haka Jafaru ya yi, haka Lado ya yi. In babu mace mi zai saukar da shi?"

Na ga wasu suna ƙirga kwana uku da yatsu.

Mai gari ya tambaya wa ya kife ta a madafa. Hamidu ya ce shi. Ya tambaya wa ya ci. Hamidu ya sake cewa shi. Sai Sammani ya gyara riƙon tsuntsunsa, ya ce, "Ashe haka ake yi. Ni wallahi na ɗauka ƙahon ne. Allah shi jiƙan Lado, mun gode."

Kakar da ta biyo, gida tara suka raba namiji da mace. Hamidu ya zo na bakwai.