Butar Kaka da Shukar Gwaggo

Abin da na fara gani ranar da aka kawo ni gidan Gwaggo a Kazaure shi ne wata shuka a baranda, cikin ƙatuwar tukunyar siminti. Ta fi ni tsawo. Kowane ganye ya kai faifai faɗi, ga tsaga-tsaga a gefensa kamar an bi shi da almakashi. Na ɗauka gwaza ce. Gwaggo ta ce ba a cin komai nata, mijinta ne ya taho da ita daga Kudu, kuma tun da ya rasu ba ta bari an matsar da ita ba.

Daga Gwiwa na zo karatun sakandare. A gidanmu abin da ba ya ba da hatsi ko miya ba a ɓata masa ruwa. A nan kuwa shukar ta zama aikina. Kofi uku duk bayan kwana biyu, ranar Asabar kuma in goge ganyen da tsumma mai laima, sama da ƙasa, har wuyana ya ƙage. Guda goma sha huɗu ne. Na san mai tabo, na san wanda gizo-gizo ke so.

A zango na biyu, ganyen da ke ƙasa suka fara rawaya. Gwaggo ta ce ƙyuya nake yi, ba na ba ta ruwa. Na ƙara. Biyu suka faɗi. Ta ce in na uku ya faɗi za ta aika wa babana ya zo ya ga irin riƙon amanata. Sai ya zamana in na dawo makaranta, ƙafafuna na zogi, kafin in cire hijabi sai na ƙirga ganye.

Ƙasar tukunyar ba ta taɓa bushewa ba. Tana ɗan warin kwata, ƙananan ƙudaje na tashi in na taɓa. Ran wata Lahadi na ga dalili. Surukin Gwaggo, tsohon da muke kira Kaka, wanda idonsa ya yi rauni, tabarmarsa na gindin tukunyar. Kowace salla a kan tukunyar yake alwala, ya juye sauran butar a ciki. Na ji yana gaya wa wani baƙo cewa ruwan alwala ba a zubar da shi inda ake takawa.

"Ɗana ya dasa, ni in shayar," in ji shi.

Gaya wa Gwaggo ba shi da amfani, ita da ko ido ba ta haɗawa da shi. Na daina zuba nawa, ina kai kofin wofi don a gani. Na soka tsinke a ramin gindin tukunyar. Na ɗebo busasshen yashi na barbaɗa. Sati uku ina haka, duk a banza, na uku ya fara rawaya daga baki.

Da la'asar na wanke wata tsohuwar roba, na tsaya da ita a bayan ƙofa har ya laluba butarsa. Na durƙusa, na ajiye ta a gabansa. Ya tambaya wace ce, na ce ni ce.

"Kaka, don Allah ka riƙa yin alwalar a cikin wannan. Ni zan riƙa kai wa shukar ruwan, daidai yadda za ta iya sha."