Gwiwar Kawu da Tsanin Rumbu

Ni karatuna aji huɗu ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma a ƙauyenmu, tsakanin Malumfashi da Funtuwa, aji huɗu a wancan zamani ya isa a ba mutum takarda ya riƙe a gaban jama'a. Da wannan tarin ilimi na samu aiki a ɗakin shan magani na mishan: shara, ɗebo ruwa, da kiran "na gaba".

Shekarun da naira ke sabuwa ne. Malamar da ke kula da wurin ta gaji da dattawa. Da an gama kai auduga kasuwa, rani ya zauna, sai su yi ta zuwa: wannan gwiwa, wannan kwankwaso, wannan wuya ya ƙi juyawa. Ta ce ba allura suke bukata ba, zama ne ya yi musu yawa. Ta miƙo mini wata takarda mai hoton siririn mutum, yana ɗaga hannu, yana sunkuyawa, ta ce daga yau ni ne malamin motsa jiki. Na karɓa da hannu biyu. Har sabuwar hula na saya.

Cikin ɗalibaina akwai Kawu, yayan mahaifiyata. Shi ba ciwon ne ya dame shi ba, rumbu ne. A gidajenmu maigida kaɗai ke hawa tsani, ya ɗaga jinka, ya shiga ya fito da dawa. Ba mai leƙawa, ba mai tambayar saura dami nawa. Ranar da ƙafa ta gaza tsani, babban ɗa ne zai hau, kuma daga ranar shi ne maigida ko ba a faɗa ba, tsoho ya koma mai cin abin da aka auno masa. A wannan shekara sai da Kawu ya huta sau biyu a tsani mai taki biyar, babban ɗansa yana tsaye yana kallon ƙasa.

Ranar farko na jera su a filin gaban asibiti, bakin hanyar rijiya, kamar yadda aka yi mana a makaranta. Na busa usur.

"Hannu sama! Hannu ƙasa! A yi tsalle!"

Ko gira ba wanda ya ɗaga. Wani Alhaji mai sayar da goro ya gyara tsayuwa a kan sandarsa ya ce, "Malam, mu sau biyar muke naka kullum, ga ruku'u ga sujada. 'Yan coci za ka kama, su da sai Lahadi, ita ma a kan benci."

Kawu ya ce, "To Alhaji, me ya kawo ka?"

"Rakiya na yi."

"Rakiyar gwiwarka ko?"

Aka yi dariya, aka watse, ni ina riƙe da usur. Kawu ya yafuto ni gefe. "Kai ɗan nan, ka ga mai jakin can? Surukina ne. Mutumin da ke cire takalmi ya durƙusa mini, shi zai ga ina tsalle kamar ɗan akuya? Ga mata suna wucewa da tuluna. Wannan na cikin takardar taka, da gani ba shi da suruki."

Na duba hoton. Gaskiya ne, ko wandon kirki ba shi da shi.

Kwana biyu na yi ina nazari irin na masu aji huɗu, sai na gane abin da takardar ba ta faɗa ba. Dattijo ba ya ɗaga hannu babu komai a cikinsa. Amma ka ba shi abin aiki, ko gaban waye zai sunkuya.

Na mayar da ajin bayan asibiti, gindin ɗorawa, da hantsi, ban da ranar kasuwar Bakori. Usur ya koma aljihu. Na aro sungumi huɗu: a sara, a sunkuya, a rufe da diddige, kamar ana shuka. Na rataya igiyar guga a reshe da dutse a ƙarshenta, ana ja ana saki. Na jingina wani tsohon tsani a jikin bishiyar, na ce malama ke so a gwada mata ko zai ɗauki mutum. In wani ya leƙo, kayan damina muke dubawa.

Nan fa suka yi mini ca.

"Haka ake riƙe sungumi a makarantarku?"

"Kawo nan, Malam, kada ka sare ƙafarka mu rasa ilimi."

Kowa ya karɓa don ya nuna mini, ni kuwa na yi ta kuskure da gangan, wani lokaci ma ba da gangan ba. Alhaji ya jingine sandarsa don ya koya mini jan guga, har aka tashi bai tuna da ita ba. Kawu kuwa tsani ya sa wa ido. Taki ɗaya, ya sauko, ya ce itacen bai yi masa ba. Bayan mako biyu taki uku. Malama da kanta har yau ba ta samu labarin ko tsanin zai ɗauki mutum ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ranar fitar da iri ta zo. Na je gidan Kawu da sunan aron gatari. Ya tattare riga, ya dafa tsani, ya hau taki biyar bai tsaya ba. Muka ji motsinsa a ciki, can sai ga dami ya leƙo, sai ga kansa. Ɗan ya karɓi damin ya ce, "Sannu, Baba."

Da ya sauko na matsa, ina jiran godiya. Ya ce ai man shanu ne da matarsa ke shafa masa a gwiwa, Allah ya yi mata albarka. Ya tambaye ni ko ba gatari na zo aro ba.

Kaka uku ya ƙara yana hawa. A ta huɗu, ƙafarsa lafiya lau, ya kira ɗan ya nuna masa tsani ya ce, "Hau." Ya zauna a kan turmi yana faɗa masa inda zai taka. Washegari da hantsi ya riga kowa zuwa gindin ɗorawa, ya ce har yanzu ban iya riƙe sungumi ba.