Tukunyar da Goggo Orlena ta kifar

A kwarinmu, cikin duwatsun Kentucky, wanda cikinsa ya ɓaci ba ya tambayar hanya. Gidan Goggo Orlena Sizemore yake nufa, tsohuwa 'yar firit mai bakin tsiya, wadda ƙaya ta gama zane mata hannu. Baƙin rasberi, wani tsiro mai ƙaya, shi ne ya rufe gangaren bayan gidanta. Lokacin zafi takan tsinki 'ya'yansa ta dafa da sukari ta ɗura a kwalabe. Idan ganye ya zube kuma ta haƙo saiwa, ta wanke, ta shanya a saman murhu. Ganyen kuwa ba ta amfani da shi sai ɗanye shar ko busasshe ƙayau. Wanda ya yi yaushi ko akuyarta ba ta ba. Ba ta haƙa a ƙarƙashin wayar lantarki, inda ake fesa maganin kashe ciyawa.

Saiwarta na tsayar da gudawa, ita ma ta san haka, kuma ba ta da kunyar faɗi. Amma ba ta miƙa ƙulli sai da doka.

"Babba kaɗai zai sha, kwana biyu. Bai tsaya ba, ko ka ga jini, ko zazzaɓi, to gari za ka. Mai ciki ba na ba ta. Jinjiri kuwa kar ma a tambaye ni."

Sai mutum ya karɓa ya juya bai ce uffan ba, domin a wurinmu ba a godiya kan tsiro ko saiwa, wai godiya na kashe su. A bayan idonta kuwa ana yi mata dariya, wai mai maganin da ke yi wa likita talla. Masu dariyar yara ne. Ba su san tana da shekara goma sha tara ta yi kwana huɗu tana ɗura wa ɗanta na fari, Arlie, ruwan saiwar nan da cokali, da hannunta, har ya daina kuka ba. Wata bakwai ya yi a duniya. Yana maƙabartar kan tudu, kuma ba ta taɓa ɗora laifin a kan tsiron ba.

Wata Juma'a cikin Agusta Hobart Caudill, mai haƙar gawayin kwal, ya zo yana dafe da ciki ya karɓi ƙulli. Ran Lahadi, wajen cin abinci bayan coci, Orlena ta hango shi ya share faranti biyu na wake da burodin masara yana neman ƙari. Mai ciwon ciki ba ya yi wa wake wannan cin. Ta duba, ba ta ga matarsa Nola ba, ba ta ga jaririyarsu Dovie ba. Ta ajiye cokali ta kama hanyar gidansu, Hobart ya biyo ta a guje.

Ta sami Nola a baranda da yarinyar a cinya, tukunyar saiwar kuma na kan wuta. Orlena ta shafa kan Dovie, ta ji maɗiga ta faɗa. Yarinyar na kuka ba hawaye.

"Yaushe rabonta da fitsari?"

"Tun jiya da safe, Goggo," in ji Nola.

"Ai gudawar ta ragu," in ji Hobart daga bakin matakala yana haki. "Maganinki na aiki, ke ce ba ki yarda da kanki ba."

"Kai Hobart, ni za ka koya wa saiwata? Ba raguwa ta yi ba, ruwan jikinta ne ya ƙare. Ta da motar nan, asibiti za mu."

"Babana da ƙafarsa ya shiga asibitin nan, a akwati aka dawo mana da shi. Mu 'yan Caudill a gida muke jinya."

"Ubanka shekara talatin yana shaƙar ƙurar gawayi, sai da ya ga kabari ya tuna da likita. Ƙaton banza, mai yi wa tsohuwa ƙarya don ƙullin saiwa!"

Ta shiga ta sauke tukunyar da gefen zaninta, ta fito ta kifar da ita a tsakar gida, a gaban mutanen cocin da suka biyo sahu. Saiwar da ta haƙa da hannunta ta watse cikin ƙasa, kaji suka taso.

"Na taɓa jira kwana huɗu," in ji ta, ba da ƙarfi ba. "Ka hau tudu ka ga abin da na samu."

Hobart ya dubi tudun, ya dubi 'yarsa. Ya laluba aljihu ya ciro makullin a-kori-kurarsa.

Kwana uku Dovie ta yi a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, ta dawo tana tsala ihu da hawaye shaɓe-shaɓe. Hobart ya zo gidan Orlena da hula a hannu, ya buɗe baki.

"Kar ka soma," in ji ta. "So kake ka kashe mini gangare?"

Ya rufe bakinsa ya tafi.

Da shekara ta zagayo, ranar da kowa ke hawa tudu ya gyara kaburburan nasa, Orlena ta ɗauki fartanya ta hau a hankali, gwiwa na ƙara. Shekara hamsin ita kaɗai ke nome wannan ɗan wurin. Ta tarar an riga ta. An cire ciyawa tas, an ɗaga dutsen da ya karkace, an wanke sunan Arlie har ana iya karanta shi daga nesa. Can gefe Hobart na saɓe da Dovie a wuya, ya juya baya yana kallon wani wuri dabam.

Orlena ta jingine fartanyar, ta zauna a ƙasa ta yi kukanta.