Malam Abdulwahidu, Mai Karanta Mana Takardun Hukuma

Kullum ƙarfe bakwai na safe Malam Abdulwahidu yana teburin ƙarshe a shagon shayin mamak, wato na Indiyawa Musulmi, a unguwar Taman Melati, da jan biro da tabarau mai ƙafa ɗaya. Aikinsa karanta wa Hausawa takardun hukuma da aka rubuta da Malayanci, harshen ƙasar nan da muke zaune. Shekara goma sha shida ke nan. Ladansa kofin shayi, wani lokacin ma shi ke biya. Da korona ta rufe gari, aikin ya koma waya: ka ɗauki hoto, ka tura.

Ni ne gwanin wauta a labarin nan. Na sayi gida a sabon bene a unguwar Cheras, aka shafa fatiha, na ɗauka an gama, kamar a Kano. Cikin makullan da aka ba ni akwai wani ƙarami; wata goma sha huɗu ina zaton na kabad ne. Ashe na akwatin wasiƙu ne. A unguwarmu ta Kano wa ke aiko wa gida wasiƙa? Ranar da na buɗe, takardu suka zubo a ƙafata. Ta ƙarshe ja ce.

Na tura wa Malam hotonta, ya kira nan take.

"Alhaji Datti, kana zaune?"

"Ina tsaye."

"To zauna tun kana da kujera. Harajin gida ne. Da aka kammala ginin aka yi masa sabuwar ƙima. Saura kwana shida a zo kwashe kayan ɗakinka."

"Ai na biya komai ranar saye!"

"Mai gini ka biya. Hukuma ba ta zo fatiharka ba."

Kayan ɗakin kuwa har da keken ɗinkin maiɗakina Hureira, wanda tun da kasuwata ta tsaya, takunkumin fuska da take ɗinkawa da shi ke ciyar da mu.

Malam, kai ne ka yi kwana uku kana neman ofishin da rabin ma'aikatansa ke gida. Kai ne ka rubuta takardar roƙo, ka sa takunkumi biyu, ka bi layi da hawan jininka, har aka yarda in biya kaɗan-kaɗan. Keken yana nan yana aiki.

Wata mai zuwa Malam zai koma Gumel. Mun gode. Allah ya sa a mizani.

Ni dai na shiga ajin Malayanci, da furfurata a tsakiyar 'yan shekara ashirin. Sau biyu na faɗi jarrabawa, zan zauna ta uku. Waɗanda suka fi ni kai, kuma kuna da yawa, ku zo mu karɓi aikin nan kafin jirginsa ya tashi.